Gwangwanin Facin Baba

Lokacin da abin nan ya faru ina shekarar ƙarshe a jami'a. Yarinya ce ni mai yawan shiru, wadda za ta iya ɓata rabin yini tana kallon tattabaru a kan soron maƙwabta, tana neman kalmar da ta dace da tashinsu. Ni ce auta a gidanmu da ke Koki. Mahaifina maɗinkin hula ne, kakanninsa daga ƙasar Barno suka zo, kuma yana da wata al'ada da abokansa suka gaji da yi masa tsiya a kanta. Duk shekara idan damina ta ɗauke, sai ya hau tsohon kekensa shi kaɗai ya tafi Nguru gaida dangi, kwana biyar zuwa, kwana biyar dawowa, alhali ga motoci cike da tasha.

A gidan ni kaɗai ce mai zama in saurari labarin tafiyar. Yakan ba ni labarin yadda yake kama hanya bayan sallar asuba kafin rana ta yi ƙarfi, da yadda iska in ta juyo masa gaba take mayar da shimfiɗaɗɗiyar hanya kamar hawan dutse, da manyan motocin da ke kora shi cikin yashi, da cinyoyin da ke ƙin miƙewa a kwana na biyu. Sannan fuskarsa ta washe, ya faɗi furar da wata tsohuwa ta dama masa don kawai ya gaishe ta, da limamin ƙauyen da ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, da fararen tsuntsayen fadamar Haɗeja da ke tashi gaba ɗaya idan ya kaɗa ƙararrawa. Ya sha gaya mini cewa a kan keke ne kawai yake jin zuciyarsa ta yi shiru.

Abin da ke damuna shi ne kada labaran nan su ɓace. Sai na saya masa ƙaramin littafin rubutu. Da na je sakawa a jakar da yake ɗaurewa a bayan keken, na tarar babu wuri. A ƙasan jakar akwai wani tsohon gwangwanin madara mai tsatsa da nauyi. Na ɗauka tarkace ne, ban ko buɗe ba na cire shi, na sa littafin da biro a gurbinsa. Sai bayan ya tafi na buɗe, na ga faci da gam da sifana da ƙarfen cire taya. Yana da waya, kira ɗaya ya isa, amma kunya ta hana ni. Na lallashi kaina da cewa ai ko'ina akwai masu faci.

A kwana na huɗu ya bar kwalta ya bi wata hanyar daji da ya saba yankewa. Nan ƙaya ta huda tayar baya, wayarsa kuma ba ta kamawa a wurin. Ya tura keken tun hantsi har la'asar, ruwansa ya ƙare, ƙafafunsa suka kumbura, makiyaya ne suka same shi zaune ya kasa tashi. A mota aka dawo mana da shi. Yayyena maza suka haɗu suka ce tsufa ya kama Baba, mutumin da zai manta kayan faci bai kamata a sake barinsa ya fita shi kaɗai ba. Suka sa wa keken sarƙa da kwaɗo a zaure. Baba bai musa ba, ya ce e, mantuwa ce. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ji, na yi shiru.

Wata uku ina kallonsa yana wucewa ta gefen keken yana shafa sirdin da tafin hannu. Ko ɗinkin ma ya rage. Wata ranar Juma'a ya miƙo mini littafin, ya ce in duba ko rubutunsa zai karantu. A shafin kwana na huɗu ya rubuta cewa da ya buɗe jaka a gindin wata tsamiya ya ga littafi a mazaunin gwangwani, sai da ya yi dariya shi kaɗai, don ya gane hannun autarsa. Ya ƙara da cewa kada kowa ya yi mata faɗa, so ne ya sa ta.

A ranar na ɗauko gwangwanin daga ƙarƙashin gadona na ajiye a gaban Umma da yayyena, na faɗi komai ina kuka. Babban yayana ya tashi ya ɗauko mukullin kwaɗon keken. Baba kuwa cewa ya yi littafin ya yi masa rana, illarsa ɗaya, ba ya liƙe taya. Bana ya sake fita, amma iyakarsa Ringim, ƙafar ba ta koma yadda take ba. Ni na haɗa masa jaka yana kallo, gwangwani farko, littafi a aljihun riga.

Na koyi cewa duk abin da matafiyi ya ɗauka, hanya ce ta koya masa ɗaukarsa, ko da a idonki tarkace ne. 'Yan'uwana, kada ku taɓa kayan mai tafiya ba da saninsa ba, kuma idan kun yi kuskure ku faɗa tun ana iya gyarawa. Cire gwangwanin ya jawo wa Baba wahalar yini ɗaya. Shiruna ne ya sa aka kira shi mai mantuwa har wata uku, shi kuma ya amsa sunan don kada a kira nawa.