Ƙibar Yaya Idi da Tsoron da Ta Bar Mana

Bana shekara takwas ke nan da muka binne yayana Idi a Dungas, amma har yau in na tuna yadda ciwonsa ya faro, sai gabana ya faɗi.

Hatsi yake sayarwa a kasuwa. Tun da ya bar noma ya zauna rumfa ƙiba ta hau shi, mutane na yi masa barka, wai hutu ya karɓe shi. Can sai ƙishirwa ta matsa masa, ga yawan fitsari, ga miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Da muka kai shi asibiti a Damagaram, lokotoro ya ce ciwon sukari ne, kuma kitse ya cika masa hanta. Ya ce hanta ce ke ajiye sukari tana sakinsa cikin jini, sinadarin insulin na jiki kuma shi ke tsayar da ita. In kitse ya yi mata yawa sai ta daina jin insulin, ta yi ta zubo sukari ko jiki bai nema ba.

Yaya ya dube ni ya ce, "Habu, ashe jikin nan da nake taƙama da shi ne ke cina?"

Ya rage tuwo, ya bar shayi, amma an makara. Aka yanke ƙafar. Bai ga damina ba.

Da zai leƙo kasuwar yau, ban san me zai ce ba. Samari ko gona sai a moto, wato babur, lemon kwalba kuwa ya zama ruwan sha. Babban ɗansa Sani, wanda ya gaji rumfar, ya ajiye tumbi, bayan wuyansa ya yi duhu kamar yadda na uban ya yi. Da na yi masa magana sai ya yi dariya: "Haba Baffa, ba inda ke yi mini ciwo." Wannan amsa ita ta fi razana ni, don kitsen hanta ba ya ciwo sai ya yi nisa.

Yaya ya bar suna mai kyau, har gobe ana tuna cikar mudunsa. Allah ya jiƙansa. Ya kuma bar jininsa a jikin 'ya'yansa, da abin da ke cikinsa. Da ƙyar Sani ya yarda mu je Magaria a auna shi ranar Litinin. Ni na matsa masa, amma tun da ya ce to, ko abinci ba na iya ci, don tsoron abin da za a gano.