Akwatin da Muryar Ba Ta Gani Ba

Ni ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Ɗiyata ta yi, ita da ƙyanda ta tafi da idonta tun tana goye. A gidanmu na Yelwa haka muka zauna: ni da ido babu karatu, ita da karatu babu ido.

Da ta zama malama sai ta samo kwamfuta mai magana. Akwai wata murya a ciki, ba ta namiji ba, ba ta mace ba, ba ta numfashi. Duk abin da ya fito a gilashin ita ke karanta mata da Turanci. In na zo shara, ta bayan tabarma nake bi, don kada in gifta gabanta.

Ɗiyata tana da aminiya, makauniya ita ma, tun makaranta suke tare. Tana aiki can ƙetaren tafki, inda waya ba ta cika shiga ba, don haka wasiƙar imel suke yi wa juna. Da cikin ɗiyata ya tsufa, aminiyar ta ce ba a suna ba ita. A shekarar nan kuwa ruwa ya cika ƙwarai, masunta kansu suna dawowa da wuri. Wata rana da hantsi ɗiyata ta zauna ta rubuta mata: kada ki biyo jirgin ruwan da ke tasowa daga garin Wara, ki zagayo ta mota ko da kwana za ki yi. Ta danna. Muryar ta yi shiru.

"Wasiƙar ta tafi," in ji ɗiyata, ta miƙe dafe da baya.

Ni na ga wani ɗan akwati fari ya fito a tsakiyar gilashin. Na ɗauka ado ne. Na kashe kwamfutar kamar yadda ta koya mini, na rufa zane. Kafin la'asar naƙuda ta zo.

Aminiyar jirgi ta biyo. Jirgin ya kife, ana jibi suna aka tsamo gawarwakinsu a ƙasan Wara.

Ɗiyata ba ta yi kururuwa ba. Tana ba jinjiri nono tana cewa, "Na gaya mata, Inna. Me ya sa ba ta ji ba?" Kullum maganar ke nan, har ta yi arba'in.

Ranar da ta buɗe kwamfutar, muryar ta gaishe ta, amma da ta shiga wurin wasiƙu sai shiru. Ta danna nan, ta danna can. Shiru, sai kukan fanka.

"Inna, zo ki ara mini idonki. Me kike gani?"

"Ni da ban san bihim ba?"

"Ba karatu na ce ba. Siffa."

Na ce akwai akwati fari, da rami dogo a cikinsa, da wani ɗan tsinke yana ƙyaftawa. Ta ce kalmar sirri yake nema, ya tsaya a inda muryar ba ta kaiwa. Ta ɗora hannuna kan ɗan abin nan mai wutsiya, ta ce in tura 'yar kibiyar da ke gilashin cikin ramin. Kibiyar tana gudu kamar ɗan kifi a kwalbati. Sau huɗu ina kuskure. A na biyar na danna, muryar ta farka.

Ta buga kalmarta. Muryar ta faɗi wani abu gajere, sai na ga yatsun ɗiyata sun tsaya cik.

"Me ta ce?"

"Ta ce an aika wasiƙa ɗaya. Yanzu."

Kafin in gane, muryar ta ci gaba da karanta wata wasiƙar aminiyar da ta shigo, doguwar magana, ba hawa ba sauka. Ɗiyata tana juya mini da Hausa, ita ma muryarta ta koma irin ta abin: "Maijego mai rowar magana, shiru ban ji ki ba. To ni dai ranar kasuwa zan biyo jirgi. Ki ajiye mini kunun kanwa."

Na dubi ƙofa, wallahi na dubi ƙofa.

Can ɗiyata ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye.

"Inna, ranar da na rubuta, akwatin nan ya fito?"

Ba mai ƙaryata ni in na ce a'a, don ni kaɗai ke da ido a ɗakin. Jinjirin ya motsa a bayana.

Na ce, "Ya fito. Na gan shi, na rufa masa zane."

Ta ce, "To. Ashe ba ƙin ji ta yi ba."