Kwanon da Ƙuda Ya Ƙi

Yayana ya yi shekara goma sha takwas yana yi wa abinci kwalliya. Kar ku yi dariya, sana'a ce, da ita ya yi aure. Duk tallan da kuka gani a talabijin yawunku ya tsinke, irinsu Yaya ne suka shirya shi kafin a ɗauki hoto. Kaza ɗanya zai shafa wa man takalmi ta yi ja kamar yanzu aka sauke ta. Tururin da kuke gani kuwa auduga ce ya tsoma a ruwan zafi ya ɓoye bayan faranti. Kamfani ya biya gidan talabijin, yaro ya gani ya yi ta birgima a kanti, uwa ta gaji ta saya. Ni dai na sha ce masa, "Yaya, wallahi aikinka yaudara ce." Sai ya ce shi hoto yake sayarwa, ba abinci ba.

Wata ranar Talata aka ba shi tallan hatsin kwali, irin wanda yara ke sha da madara da safe. Madarar gaske tana jiƙa shi ya yi laushi a ƙarƙashin fitilu, don haka farin gam na kafinta ake zubawa. Awa huɗu Yaya ya yi yana jera ƙwayoyin a kwano ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki. Yana gamawa kyamara ta lalace, aka ɗage aiki sai gobe. Shi kuma mai tsoron a taɓa masa kaya, sai ya rungumo kwanon har gida, ya ajiye a teburin kicin, ya shige wanka bai gaya wa kowa ba. Kai, Yaya!

Ina falo na ji ihunsa. Na ruga na tarar da kwanon a wurin wanke-wanke, babu komai a ciki. 'Yarsa mai shekara uku tana tsaye, bakinta fari fat, tana lashe cokali. Mutumin da ban taɓa ganin ya firgita ba ya durƙusa da tawul a wuya yana buɗe mata baki.

"Me kika sha? Gaya wa Baba, me kika sha?"

Har na fara laluben makullin mota sai ga Inna, mahaifiyarmu, ta shigo daga tsakar gida tana goge hannu.

"Kai, sakar mini jika! Madara na dama mata. Naka yana kwandon shara."

"Inna, ya aka yi kika gane?"

"Ta yi ta kuka sai shi take so, wai irin na talabijin ne. Ni kuma na ga rabin awa kwanon nan yana buɗe, ƙuda ko ɗaya bai sauka a kai ba. Abin da ƙuda ya ƙi zan ba jikata?"

Yaya ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya hawaye na zuba. Ni kuwa sai da na zazzage masa tas, sannan hankalina ya kwanta.

Bai bar aikin ba, yara sai sun ci. Amma bai sake kawo ko cokali gida ba. Bayan wata guda tallan ya fito, kwanon yana ƙyalli, muna zaune gaba ɗaya. Yarinyar ta nuna da yatsa ta ce, "Baba, ina so!"

Yaya bai ce shi hoto yake sayarwa ba. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, ya ce, "Wannan gam ne, Baba ne ya zuba. Zo mu je Inna ta dafa miki ƙwai."