Gaisuwar da Na Kai Dapaong

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: a wannan labari ni ne wawan. Ba ƙaramin wawa ba kuwa. Wawa ne mai babbar riga da tabarau, wanda ya biya kuɗin mota daga aljihunsa, ya tafi har Dapaong ya yi wautarsa a gaban hukuma, ya kuma sa hannu a ƙasa.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina sayar wa gwamnati kaya a Sokodé, nan ƙasar Togo: rajista, tawada, kujeru, kabad na ƙarfe. A zamaninmu hanya ɗaya ce. Ka san mutumin da ke buro, wato ofis, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, in Sallah ta zo cinyar rago ta san ƙofar gidansa. Ba cin hanci ba ne, zumunci ne. Ko kuwa haka muke gaya wa junanmu in mun fito daga Juma'a.

'Yata ta uku, wadda nake ce wa Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, ita ce ta karanta kwamfuta a Lomé. Ta ajiye aiki mai albashi ta dawo gida, ta buɗe kamfani a tsohon shagona na bakin kasuwa. Abin da take sayarwa, 'yan boko na ce masa gajimare. Ta yi mini bayani ya fi sau goma. Wai akwai manyan injuna a can nesa, buro ya yi hayar wuri a cikinsu ya zuba takardunsa, duk lokacin da ya so ya buɗe kwamfuta ya gan su, ba gara, ba yoyon rufi. Ina gyaɗa kai ina cewa, "Ai na gane tun ɗazu." Ban gane ba. Amma duk zangonmu an san na yi lakol, wato makarantar boko, har wasiƙa nake karanta wa mutane, to yaya zan ce wa 'yar cikina ta maimaita?

Shekara biyu ta yi tana haɗa takardu kafin sunan kamfaninta ya shiga jerin da gwamnati ke yi. Ga yadda abin yake: a Lomé ake tace kamfanoni sau ɗaya, waɗanda suka haye a rubuta su a jeri. Duk buron da ke son irin wannan aiki ba sai ya yi shela ga ƙasa duka ba, na cikin jerin kawai zai aika wa, kowa ya kawo farashinsa da yadda zai yi aikin, a zaɓi ɗaya. Ranar da sunanta ya fito na so in yanka rago. Ta ce, "Baba, ba a saya ba tukuna. Izinin zama a rumfa kawai aka ba mu."

Wata bakwai muna zaune a rumfar, ko mai tayi babu. Sai wani buro a Dapaong mai ajiye takardun filaye ya aiko. Uwata ta yi wata biyu a kan amsar, har ta rame. Da ta aika, ta zo ta durƙusa kusa da kujerata.

"Baba, daga yau har ranar da za su yanke, ba mai zuwa wurinsu, ba mai kiransu, ba mai aika musu ko ƙwayar goro. Na sa hannu a kan haka. Wanda ya karya, ana goge shi daga jerin gaba ɗaya."

Na ce, "Wa zai je? Ni da ƙafa ke ciwo?"

A zuciyata kuwa cewa na yi, yarinya ta iya boko amma ba ta san gwamnati ba. Takarda ba ta gaisuwa. Mutum bai taɓa ganin fuskarka ba, don me zai ba ka aiki? Na tabbata sauran kamfanonin iyayensu na can sun cika ƙofar buron, mu kaɗai muka zauna kamar marasa dangi.

Allah da ikonsa, wani tsohon abokin cinikina ya rasu a Mango. Na ce wa Hajiya, uwar 'ya'yana, zan je ta'aziyya. Na je kuwa, kada a ɗauka ƙarya na yi. Na yi addu'a, na sha fura, na shafa kan marayu, sannan na shiga motar da ta nufi arewa maimakon kudu.

A kasuwar Dapaong na sayi zabi huɗu, ƙosassu, na zaɓe su da hannuna. Ga kuma goro fari da na taho da shi daga gida a cikin ganye. Mai zemijan, wato ɗan acaba, ya ɗaure zabin a bayan babur, suna kuka ina riƙe da hula, muka isa buron.

A ƙofa mai gadi ya turo mini wani babban littafi, ya ce duk baƙo sai ya rubuta sunansa da inda ya fito da abin da ya kawo shi. Ya tambaye ni ko in faɗa ya rubuta mini. Ni? A rubuta mini? Na zaro alƙalamina. Na rubuta sunana cikakke, na rubuta sunan kamfanin Uwata da manyan baƙaƙe, a gabansa na ƙara Direkta Janar. A gurbin dalilin zuwa na sa gaisuwa. Sannan na sa hannu, irin sa hannun nan nawa mai wutsiya da ke zagayowa ta ƙasa ta koma sama. Mai gadin ya ce, "Kai, Alhaji ya yi lakol!" Na ce, "Kaɗan dai."

Shugabar sashen saye mace ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta fito da fara'a, ta gaishe ni da Hausarta ta kasuwa. Da na ambaci sunan kamfanin sai fara'ar ta ɗauke. Ta dubi zabin da ke kwance a kan siminti, ta dubi littafin mai gadi, ta ja da baya kamar na zo da maciji.

"Baba, ka rubuta a ciki?"

Na ce, "Da hannuna."

"Wayyo Baba. Da ba ka rubuta ba, da na ce wani tsoho ne ya ɓata hanya. Yanzu dole in kai rahoto. In ban kai ba ni za a kora. Ɗauki kayanka, don Allah, ɗauki ka tafi."

Na ce, "'Yata, gaisuwa ce kawai, ba wani abu ba."

Ta shige ta rufe ƙofa.

Zabin nan na ba limamin zangon Dapaong, ya yi ta sa mini albarka. Na dawo Sokodé ban gaya wa kowa ba. Kwana uku ina cin tuwo kamar ƙasa. Duk sanda wayar Uwata ta yi ƙara sai in sulale in bar wurin.

Rana ta huɗu da hantsi Uwata ta shigo gida da takarda a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, sannan ta karanta, tana juyawa da Hausa saboda Hajiya. Kwamiti na kiran kamfanin ranar Talata ya bayyana dalilin da zai hana a goge shi daga jerin, domin Direkta Janar ɗinsa ya kai kyauta a lokacin da aka hana.

Hajiya ta ce, "Wane ne kuma Direkta Janar?"

Sai ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Ta'aziyyar ke nan?"

Uwata ta naɗe takardar. Ta ce, "In sun goge ni, Baba, ba Dapaong kaɗai ba ce. Babu buron gwamnatin da zai ƙara saye a hannuna, daga nan har teku. Shirya, tare za mu je."

Hanyar nan na bi ta ya fi sau ɗari, ban taɓa jin tsawonta ba sai ranar. Muka haura dutsen Aledjo, muka wuce Kara, Kanté, Mango, ba ta ce mini komai ba sai "Baba ga ruwa." Ni kuma ina ta shirya jawabi a kaina da Faransanci, da 'yan kalmomin da na tsinta a bakinta, don kwamiti ya san da dattijo mai ilimi yake magana.

Ranar Talata mutum uku muka tarar a bayan tebur. Shugabar nan tana gefe tana rubutu, ba ta ɗago ba. Na tsakiya wani siriri ne mai furfura, da gani ba ya dariya sai an ba shi izini a rubuce. Ya turo hoton shafin littafin mai gadi gabana. Ga sa hannuna nan da wutsiyarsa, ya fi na kowa kyau a shafin.

Uwata ta miƙa takardun kamfani. Sunana ba ya ko'ina, ba a masu shi ba, ba a ma'aikata ba. Ta ce ba ta aike ni ba, ba ta ma san na zo ba.

Mai furfurar ya ce, "Madam, kowa haka zai ce. Uba da 'ya, shago ɗaya. A bar sunansa a waje, a aike shi da kaji, in an kama a ce tsufa ne."

Na ce, "Zabi ne, ranka ya daɗe."

Uwata ta rufe ido.

Ya juyo gare ni, ya koma Hausa. "To, Alhaji Direkta. In kai ne direkta, mun gama, za mu rubuta wa Lomé yau. In ba kai ba ne, ka gamsar da ni. Me kamfanin nan ke sayarwa?"

Jawabina na nan a bakin harshe, a shirye. Da na sake shi, da sun ji Faransanci. Sai idona ya sauka a kan hannun Uwata a ƙarƙashin tebur. Ta damƙe bakin mayafinta tana murɗawa. Rabon da in ga ta yi haka tun tana ƙarama. A nan ne kaina ya yi aiki, karo na farko a wannan wata: duk kalmar ilimi da na furta, igiya ce nake ɗaura mata.

Na ce, "Ban sani ba."

"Ba ka sani ba?"

"Wallahi ban sani ba. Ta gaya mini sau goma, ban gane ba. Aji huɗu na yi a lakol, aka cire ni aka sa ni awon gishiri. Wasiƙun da nake karanta wa mutane, rabi karatu ne rabi hasashe. Direktan nan ni na naɗa kaina a bakin ƙofarku, don mai gadi ya ga na iya rubutu."

Ko Hajiya ban taɓa gaya wa zancen aji huɗun nan ba.

Ya ce, "Da an ba ku aikin, a ina za a ajiye takardun filayen?"

Na ce, "An ce a wasu injuna masu nisa. Amma ni ban yarda ba, na ɗauka ƙarshenta mota za ta kawo su. Akwai sito a bayan shago, na sa an share, an toshe ramukan ɓera, na canja kwano biyu a rufin."

Na gefen dama ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Shugabar ta sa hannu ta rufe baki. Mai furfurar bai yi dariya ba, amma ya cire tabarau ya goge ya daɗe yana gogewa.

Suka ce mu jira a waje. Muka zauna a benci kusa da mai gadin nan, wanda yanzu ya ƙi haɗa ido da ni. Aka kira azahar muna nan. Ban taɓa yin salla da zuciya ɗaya kamar ta ranar ba.

Da suka kira mu, a tsaye ya karanta. Ba za a goge kamfanin daga jerin ba. Amma an fitar da shi daga wannan zaɓe na Dapaong, ba za a ko buɗe farashinsa ba, kuma gargaɗi zai shiga takardunsa. Ni kuma in rubuta alkawari cewa ba zan ƙara taka wani buro da sunan kamfanin ba. Na rubuta. Aikin wata biyu na Uwata ya tafi ke nan, aikin da daga baya wani kamfanin Lomé ya samu. A bakin ƙofa ta tsaya ta share ido da mayafi, sannan ta karɓi jakata ta riƙe mini, ta ce, "Mu je, Baba, kada mota ta cika."

Washegari muka iso gida. Uwata ta ba uwarta labari tun daga farko har ƙarshe, ba ta rage komai ba, har da aji huɗun. Da ta fita shago, na ga gidan ya yi shiru da yawa, na ce bari in ɗan gyara rawanina. Na kishingiɗa a tabarma, na yi gyaran murya.

"Hajiya, duk abin da za a ce, a faɗi gaskiya. Da ban buɗe baki a gaban kwamitin nan ba, da yanzu an goge yarinyar nan. Ni na cece ta."

Hajiya na tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Haka ne, Alhaji. Shekara arba'in kana ɓoye mana jahilcinka, ashe shi kaɗai ne jarin da kake da shi da zai amfani kamfanin yarinyar nan."