Damisa mai goyo a kwazazzabo

'Yan ajinmu, yau na ga damisa ido da ido!

Da hantsi munka taso daga Shagari za mu Bodinga, ni da kakata Inna. Ina goye da ɗan yayata, za mu kai shi yaye. Inna ta ce mu yanke ta gandun dajin nan da Turawa sunka hana sara.

Munka shiga kwazazzabo. Subhanallahi! Dutse hagu, dutse dama, ja wur, sama ta koma siririya kamar zare. Ko tsuntsu ba ya kuka.

Muna shan kwana sai ga ta a kan hanya, ta riƙo ɗanta a baki! Babu wurin kaucewa.

Na ce, "Inna, dami..."

Ta ce, "Kul! Ba a kiran sunanta. Kak ki ruga."

Sai yaron ya fashe da kuka a bayana. Ta ɗago kunnuwa, ta zuba mini ido. Na fara kalmar shahada.

Inna ta durƙusa ta ce, "Sannu da goyo, baiwar Allah. Mu ma namu munka ɗauko. Wuce da naki, mu wuce da namu."

Damisar ta daɗe tana kallonmu. Sai ta daka tsalle, ta haye dutsen nan da ɗanta, ko tsakuwa ba ta faɗo ba!

Na zauna daɓas a ƙasa. Inna ta ce, "Tashi, ɗiyata. Uwa ba ta tare wa uwa hanya."

Jama'a, ni ko ɗan ma ba nawa ba ne!