Layukan da Mai Ambulan Ya Ƙi Zubarwa

Ƙarfe bakwai da kwata yake shigowa, kafin mai shara ta gama baranda. Ya rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya saka rigar sanyin da matarsa ta saƙa masa, rigar da gwiwar hannunta ta sha ɗinki, domin ɗakin na'urori sanyi gare shi ko ana zuba zafi a waje. Sai ya tsiyaya shayi a murfin fulas, ya goge tabarau, ya zauna gaban allo. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka a kwalejinmu, ranar Alhamis ɗin nan kuma zai ajiye aiki.

Mai Ambulan muke ce masa. Shi ke kula da manhajar da ke karɓar imel ɗin kwaleji tana raba wa kowa nasa. Kowane saƙo yana da kai, wato layukan da ke samansa. Huɗu muke gani: wanda ya aiko, wanda aka aika wa, kwanan wata da take. Bayan su akwai wasu, wani lokaci talatin ko fiye, da ba a nuna mana. Duk na'urar da saƙon ya ratsa a hanya sai ta buga masa nata layin, ta rubuta lokacin da ta karɓe shi. Waɗannan layuka su ne aikinsa. In ka ce masa ai yana ganin sirrin kowa, sai ya girgiza kai ya ce, "Ni ambulan nake karantawa, abin da ke ciki na mai shi ne." Daga nan sunan ya bi shi.

Ni sakatariyar shugaban kwaleji ce, kuma ba na ɓoyewa, ba ni da haƙuri da na'ura. Shekara shida da suka wuce imel ɗinmu ya yi nauyi, ka danna saƙo ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Abokan aikinsa suka kawo shawara mai sauƙi: a riƙe layuka huɗun nan, a zubar da sauran, tunda ba mai karanta su. Ya ƙi. Ma'aikata muka rubuta takardar koke a kansa, ni na buga ta da hannuna, sunana ne na farko a ƙasa. Har ɗakinsa na bi shi.

"Baba, don Allah tarkacen nan na mene ne? Kai kaɗai kake son su."

"Ba ni mako biyu, 'yata. In bai yi sauri ba, ki zo ki zubar da kanki."

A mako biyun nan ya gano inda nauyin yake. Ashe duk lokacin da manhajar ke neman layi ɗaya, sai ta koma farkon kan saƙon ta karanto shi kaf, ta kuma kwafe shi wani wuri. Tana iya yin haka sau goma a saƙo guda. Ya sake mata tsari: ta karanta sau ɗaya tak, ta sa alama inda kowane layi ya fara da inda ya ƙare, kada ta kwafi komai, kada ta warware layi sai an nemi shi. Ya ce mini kamar mace ce ta rubuta suna a jikin robobin kicin, ba sai ta buɗe duka ba in gishiri take nema. Saƙo ya koma buɗewa kafin ka ɗage yatsa, layi ko ɗaya bai zubar ba. Ba wanda ya je ya gode masa, har da ni. Mun ga abu ya gyaru, muka ci gaba da harkarmu.

Bara aka shafa mini kashin kaji. Wata gidauniya ta aiko saƙo tana neman sunayen ɗalibai uku da za ta ɗauki nauyin karatunsu, wa'adi ranar Laraba. Ni kuwa Alhamis da safe na gan shi. Amma kwanan watan da ke samansa Litinin ya nuna, ƙarara. Shugaba ya juyo mini da allonsa ya ce, "Kwana uku kina zaune a kansa." Na rantse, ya ce rantsuwa ba ta canza kwanan wata. Aka fara raɗe-raɗin wai don ba ɗan'uwana a cikin ɗaliban na danne. Aka ba ni takardar tuhuma, kwamiti zai zauna a kaina. Shekara goma sha tara ina aiki ba a taɓa kirana maƙaryaciya ba, kuma wannan ya fi tsoron korar ci mini rai. Mijina ya ce in ci abinci, na kasa.

Ban je wurin Mai Ambulan ba, kunya ta hana ni. Shi ya hawo bene da rana tsaka, yana haki, da takarda ɗaya a hannu. Ya nemi izinin shiga wurin kwamiti, ya ajiye ta a tebur.

"Ranka ya daɗe, kwanan watan da kuka gani na wanda ya rubuta ne, lokacin da ya danna aikawa. Ku dubi layi na goma sha ɗaya. Saƙon ya kwana uku maƙale a na'urar gidauniyar. Ga inda tamu ta karɓe shi: Alhamis, goma da minti goma sha huɗu. Ita kuma ta buɗe shi goma da minti ashirin."

Shugaba ya daɗe yana bin layin da biro. Sannan ya ɗago ya ce, "Malama, ki yafe mu." Aka tura wa gidauniyar kwafin takardar, suka ga daga wajensu ne, suka karɓi sunayen.

Na same shi a ɗakin sanyin nan. Da ƙyar na ce, "Baba, ka san ni na buga koken nan?"

"Na sani mana, sunanki ne na farko." Ya tura mini kujera. "Ai ke kika sa na zauna na gyara. Zauna ki sha shayi, fuskarki duk ta faɗa."

A nan na yi kukan da na riƙe kwana huɗu, shi kuma ya juya ga allonsa ya yi kamar bai gani ba.

Baba, kai ne ka ga hanya mai sauƙi ka bar ta, ka ɗauki mai wuya, don kada a rasa abin da ba a san ranar amfaninsa ba. Kai ne mai riƙon amanar da ba a ba ka a rubuce ba. Wasiƙunmu na aure da na rashin lafiya da na faɗa duk ta hannunka suka bi, ba ka taɓa leƙa ɗaya ba. Matarka ta ce mini har yau in an tambaye ta aikinka, cewa take "yana gadin wasiƙu," kuma wallahi ban ga wanda ya faɗe shi daidai kamarta ba.

Na gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa, ya sa jikokinka su gaji haƙurinka. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, ku nemi sauri yadda ya nema, kada ku zubar da layi don kawai ba ku ga mai karanta shi ba. Takardar da ya ajiye a gaban kwamiti tana cikin jakata har yau. Da ya biye mini shekara shida da suka wuce, da ni da hannuna na goge layi na goma sha ɗaya.