Hula a Kan Tawul

An kwantar da ƙanwar mijina a tsakiyar masu jego ranar da aka binne ɗanta. Asibitin haihuwa ne ya yi mata haka, kuma har yau babu wanda ya ce mata ko sannu.

Duk wanda ya taɓa shiga asibitin nan ya san ta. Mai Saƙa ake ce mata. A bakin ƙofa take zama ƙarƙashin lema, ga tiren huluna da safar jarirai a gabanta, ko hira take yi hannunta bai barin zare. Mijinta bakanike ne. Sun daɗe ba haihuwa, amma ban taɓa ganin ta ɗaure wa jaririn wani fuska ba. In sabon uba ya zo saye yana rawar jiki, sai ta dube shi ta ce, "Malam, kan yaron irin naka ne? To ɗauki babbar."

Da Allah ya ba ta ciki, ta saƙa wata hula ruwan ƙwai, ta ɓoye ta a jaka. Haihuwar ta zo da gardama, jininta ya hau, yaron bai zo da rai ba. Maza suka tafi da shi, ita kuma aka turo ta babban ɗaki. Hagu mai jego, dama mai jego, jarirai na ta kuka, rabinsu sanye da hulunan da ta saƙa da hannunta.

Lokacin ziyara na yi, 'yan barka suka cika ɗakin suna bi gado-gado. "La, Mai Saƙa! Ashe ke ma an sauka? Me aka samu? Ina yake mu gani?" Ta faɗa wa ta farko, ta faɗa wa ta biyu. Kowacce sai ta dafe ƙirji ta ɗauki salati, ɗaki duka ya juyo yana kallonta.

Washegari na zo mata da ruwan zafi, na tarar ta juya wa mutane baya, ta rungume wani abu cikin zani, ga hular nan ruwan ƙwai tana leƙowa. Na ɗaga zanin. Tawul ne ta naɗe.

"Yaya, rufe," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "In sun ga haka sai su ce barci yake, su wuce. Na gaji da faɗa da bakina."

Gaban rigarta sharkaf da nono. Na mayar da zanin, na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Su kansu masu jegon da ke gefenta, in za su shayar sai su juya su lulluɓe, kamar sato 'ya'yan suka yi.

Na sami shugabar ma'aikatan jinya a ofishinta, na roƙe ta a canza wa Mai Saƙa ɗaki. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baiwar Allah, gado ai gado ne. Ba a kanta aka fara ba." Alhali a ƙarshen baranda akwai ɗaki mai taga, babu komai cikinsa sai karyayyun kujeru da tsohuwar fanka.

Tun da aka sallame ta, Mai Saƙa ta kwashe tirenta ta koma kasuwa. Ko titin asibitin ba ta bi. Yanzu tana da wani cikin, ya yi nisa, ƙafafunta sun kumbura, kuma ta ƙi zuwa awo. Likita ya gargaɗe ta tun wancan karon cewa mai hawan jini irinta ba ta haihuwa a gida. Na lallaba, na yi faɗa, mijinta har hawaye ya yi. Amsarta ɗaya: "Yaya, in aka sake kwantar da ni a ɗakin nan fa?"

Amsar tana hannunku, shugabannin asibiti. Ku fitar da kujerun nan, ku share ɗakin, ku sa gado da labule don matan da suka fito hannu wofi. In kun gama ku aiko, in kamo hannunta in nuna mata da idonta, tun kafin naƙuda ta same ta a gida.